Ni Na Buga Ƙarfen

Ranar Juma'ar nan da safe na share majami'a, na cika randa, na koma ɗakinmu da ke bayanta na dama wa maigidana Bitrus koko. Ɓarin jikinsa ya daɗe da shanyewa. Sai an tayar, sai an kwantar.

A 'yar majami'armu ta Matameye kowa da aikinsa. Fasto wa'azi, Dauda tuƙin mota, matan zumunta girki. Ni nawa shara da buga ƙarfe, wani tsohon wilin mota da ke rataye a dogon yaro. Duk Lahadi sai Fasto ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ya yi godiya, ya ce mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne. Ni kuwa baki har kunne.

Da aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin tashin hankali daga Damagaram, muka tsayar da shawara. In abu ya taso, in buga ƙarfe ba tsayawa, kowa ya taru, Dauda ya kwashe mu. Bitrus za a fara sawa a mota.

Ana saukowa daga Juma'a na ji ihu ta wajen tasha. Sai warin taya. Na ruga na kama bugu. Na buga har hannuna ya mutu. Ba Fasto, ba Dauda, ba ko mace ɗaya. Na leƙa rumfar mota, wayam. Ashe tun da hantsi aka yi musu waya, suka tattara suka tafi. To, ba ni da waya, na yarda. Amma daga gidan Fasto zuwa ƙofata ko tari ka yi sai na ji. Haba!

Waɗanda suka amsa kiran su ne masu jarkar fetur. Buguna ne ya nuna musu hanya.

Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ta leƙo ta katanga.

"Ke Hannatu, bar bugun nan! Ɗauko shi!"

Na goyo Bitrus. Mijinta Malam Sani ya kama hannuwansa daga saman katanga, ina turawa daga ƙasa. Ƙofar majami'a ta faɗi, muka razana, ya suɓuce mana. Kansa ya bugi turmi.

Hajiya ta zura mini hijabinta. Malam Sani ya kwantar da shi a amalanke, ya rufe da karan gero, ya kora jaki. La'asar ta same mu a hanyar Icirnawa, hayaƙi na bayanmu. Bitrus ya buɗe ido ya tambaye ni ko su Fasto sun fita lafiya. Na ce lafiya lau suka fita. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Ya cika kafin magariba.

Washegari Malam Sani da 'yan'uwansa suka haƙa kabari a gefen gonarsu. Suka tambaye ni yadda muke yi. Na ce waƙa muke yi. Suka ja baya, suka tsaya a gefe. Ni kaɗai na rera.