Hannun Rigar Malama

Maman Auta tela ce, kuma duk layin an shaida hannunta. Shagonta ɗan ƙarami ne a gaban gida: keke ɗaya, teburin yanka, da madubin da ya tsage a gefe. A ƙarƙashin teburin akwai wani buhu da ba ta bari kowa ya taɓa.

Wajen goggonta ta koyi ɗinki, ita ce kuma ta ce mata, "Ƙyalle na tela ne, mai kaya ba ya tambaya." Gaskiya ne, amma ƙyallen da Goggo take nufi bai wuce tafin hannu ba. A hannun Maman Auta ne ƙyalle ya yi ta girma, daga tafin hannu ya kai kamu, daga kamu ya kai abin da zai yi wa yaro riga. In mai kaya ta ce, "Babu saura?" sai ta ware hannuwa ta ce, "Ai da kyar ma ya kai." Ba sayarwa take ba, ba sawa take ba, tarawa kawai, wai ko wata rana. Ko a zuciyarta ba ta taɓa kiran abin sata ba.

Ana nan sai Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta je bikin ranar haihuwar wata 'yar ajinsu, ta dawo da labarin balan-balan har rufin ɗaki. Nata ya kusa, ta sa uwar a gaba. Maman Auta ta je kasuwa ta taya kayan ado, da ta ji farashi sai ta ce wa mai shagon Allah ya kawo kasuwa, ta juyo gida ta zazzage buhun nan a tsakar falo.

Kai, aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Ta yanka 'yan tutoci ta jera a igiya, ta naɗe gwangwanayen madara da atamfa ta cusa musu furannin takarda. Baban Auta yana kan kujera yana buga ƙusa yana mita wai an mai da shi kafinta. Sai bangon bayan teburin kek, inda fenti ya ɓare. Ta tona ta samo wani shuɗin yadi mai zanen ganye, faffaɗa. Ta yi wa bakinsa yankan haƙora, ta huda shi ta zura zare, ta manna masa furanni da gam. Auta har tsalle take.

Abin da ya kwanta wa Maman Auta shi ne, iyayen 'yan ajin Auta su ne masu kawo mata ɗinki. Kuma mace in za ta biki gidan tela, ɗinkin telar take sawa, don kara.

Matan suka fara shigowa, kowacce ta ɗaga kai sai ta ga kanta a rataye. "Lah, ga zanena can!" Aka yi ta dariya, don tutocin ƙanana ne, ba wanda zai riƙe tela a kansu. Maman Auta tana taya su, amma tata dariyar ta yaƙe ce.

Sai ga malamar ajin Auta ta yi sallama, sanye da shuɗiyar riga mai zanen ganye. Nan take Maman Auta ta tuna. Baiwar Allah nan tana da tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ranar da ta kawo yadin, sai da ta jira shago ya watse sannan ta ce a hankali, "Don Allah dogon hannu." Ita kuwa da ta zo yanka ta ga zanen ya burge ta, ta yi gajere, ta ce yadi bai kai ba. Ga Malama yau cikin wannan zafi, ta nannaɗe hannu da mayafi.

Auta ta ruga ta kamo ta. "Malama, zo ki ga irin rigarki! Mama tana da na kowa a buhu, amma naki ya fi girma, shi ya sa muka sa shi a tsakiya."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malama ta dubi bango, ta dubi hannunta, ta shafa kan yarinyar ta ce, "Ya yi kyau, Auta. Allah ya raya." Sannan ta juyo. "Maman Auta, sannu da aiki."

Wallahi da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Kunya ta rufe Maman Auta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta amsa da "Yauwa" da wata murya da ba tata ba, ta hau raba kek ba ta kallon idon kowa.

Baban Auta, da bai san dawan garin ba, ya ɗaga waya ya ce a tsaya hoto. Auta ta ja Malama gaban yadin, garin ja mayafin ya zame. A hoton, riga ta saje da bango, ba abin da ya fito sai fuskar Malama da hannun nan mai tabo.

Da baƙi suka watse, Auta tana kallon hoton ta ce, "Mama, ke da kika iya ɗinki, ki yi wa Malama dogon hannu mana. Ba ta son a ga ciwonta, ko a aji ɓoyewa take."

Maman Auta ta miƙe. Ta hau kujera ta cire yadin, ta shimfiɗa a teburin yanka, ta ɗauko tef. Ta kauce wa hujojin zare, ta kauce wa gam, ta kauce wa haƙoran da ta yanka da hannunta. Ta juya shi ta tsaye, ta juya ta kwance, ta sake aunawa.

Wannan karon da gaske yadin bai kai ba.