Kwalin da ke Ƙarƙashin Ƙafar Sikeli

Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Kazaure, shekaru masu yawa, kuma ko kwalba ɗaya ba ta taɓa fashewa a hannuna ba. Wanda ya san ni a lokacin zai faɗa maka haka.

Daga Roni na taso, bayan rasuwar maigidana, da 'ya'ya huɗu. Yayan marigayin ne ya yi ta zirga-zirga har ya samo mini aikin shara a makarantar. Ranar da ya kai ni ya ce, ki riƙe shi da kyau, in ya kuɓuce ban san wata ƙofar da zan sake ƙwanƙwasawa ba. Aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne ɗakin da muke kwana a bayan makaranta. In babu shi, sai in kwashi yara in koma Roni in zauna a gidan wani ina jiran a sammana.

Malamin kimiyyar da na tarar wani Ba'indiye ne, dattijo, mai Hausa a karkace. Da ya ga yadda nake wanke kwalabe, sai ya fara sa ni abin da ya fi shara. Shi ya koya mini tsohon sikeli. Sikeli kam na san shi tun ina yarinya wajen masu sayen gyaɗa, amma wannan daban ne. A cikin akwatin gilashi yake zaune, da faranti biyu ƙanana kamar murfin gwangwani, da doguwar allura a tsakiya. Duwatsun awonsa na tagulla ne, kowanne da raminsa a cikin wani akwatin katako, kuma ba a taɓa su da yatsa sai da hantsaki, don maiƙon hannu ma nauyi ne. Ban iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba, sai na raɗa musu suna. Akwai babba, akwai ƙanensa, akwai tagwaye, har zuwa 'yan sirara masu kama da ɓawon kifi, waɗanda numfashi ma yana iya ɗauke su.

Abin da nake so da wannan sikeli shi ne ba ya ɓoye maka komai. Ka ɗaga sandarsa a hankali, allura ta yi dama, ta yi hagu, kana gani da idonka wane ɓangare ne ya rinjaya. In ƙura ta hau faranti, za ka gani tun kafin ka ɗora komai. Sai dai yana cin lokaci, kuma yana son mai haƙuri.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kaya suka fara zuwa makaranta a manyan motoci: fankoki, kujeru, injin wuta. Ba'indiyen ya koma ƙasarsu, aka kawo a madadinsa wani saurayi ɗan Babura, sabon fitowa daga jami'a. Yaro ne mai ladabi, Inna yake ce mini, ba ya wuce ni bai rusuna ba. Ba a jima ba aka kawo sabon sikeli mai aiki da wuta. Faranti ɗaya ne da shi, babu allura, babu duwatsu. Ka ɗora abu, sai jajayen lambobi su haska a goshinsa, an gama. Abin da nake shafe rabin sa'a ina yi, shi kafin ka ƙifta ido ya faɗa. 'Yan mata suka riƙa leƙe ta taga.

Wani mutum ne ya zo daga Kano ya kafa shi a kan dogon bencin da ke kusa da bango. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya. Na ga ya sunkuya a kan wani ɗan ido na gilashi da ke gefen sikelin, mai ruwa a ciki da 'yar kumfa, na ji yana gaya wa Malam cewa kumfar nan dole kullum ta zauna a tsakiyar zoben da aka zana, in ta kauce to kada a yarda da lambar. Daga nan aka aike ni ɗebo ruwa, ban ga sauran abin da ya yi ba.

Da yamma shugabar makaranta ta tara mu, masu shara da masinja da leburori. Hajiya ce 'yar garin Gwiwa, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ta ce sikelin nan babu irinsa a duk makarantun yankin, in ban da Malam duk wanda ya taɓa shi ya bar aiki a ranar. Mun san ba barazana ba ce, don a watan da ya wuce ta sallami wani lebura da ya kunna injin wuta ba da izini ba. Tsohon sikeli kuwa aka lulluɓe shi da buhu aka kai sito. Ni na ɗauke shi da hannuna, ban bar kowa ya taya ni ba.

Sai ga makon jarrabawar fita. Ranar Alhamis 'yan ajin ƙarshe za su yi gwajin da ake ɗiga wani ruwa cikin wani har launi ya juye, kuma mai sa ido zai zo daga Kano. Ni kuwa ba za a zo daga Kano a ga ƙura a ɗakina ba. Ranar Litinin na wanke ƙasa, na goge tagogi, na kakkaɓe yanar gizo-gizo. Da na zo kan bencin sikeli, sai na hango wani ɗan kwali a naɗe, ya yi baƙi, yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙafar baya. Na ɗauka wata ɗaliba ce ta cusa shara. Na sa tsinken tsintsiya na zaƙulo shi, ya ɗan yi tauri amma ya fito. Na ce a raina ai ban taɓa sikeli ba, tsinke ne ya taɓa kwali. Na haɗa shi da sauran shara na ƙone.

Ranar Talata da safe, lokacin da injin wuta ke aiki, Malam ya auna wani farin gari mai kama da kanwa a sabon sikeli, ya narka shi a babbar kwalba, ya liƙa takarda, ya kulle a kabad. Wannan ne ruwan da yara za su yi jarrabawa da shi.

Ranar Laraba da hantsi ina goge bencin, idona ya faɗa kan ɗan idon nan na gilashi. Kumfar ta bar zobe, ta je ta lafe a gefe.

Na tsaya riƙe da tsumma. Nan take na gane abin da kwalin nan yake yi a wurin. Na leƙa waje, babu kowa sai wasu ɗalibai a ƙarƙashin darbejiya suna haddar littafi. Babu wanda ya gan ni ranar Litinin. Kwalin ya zama toka. In na yi shiru, ko an gano daga baya, za a ce mutumin Kano ne bai kafa da kyau ba. Na ci gaba da guga. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Ina tuna ɗakinmu na bayan makaranta, ina tuna fuskar yayan maigidana. Kuma Ba'indiyen nan ya sha gaya mini cewa in awon farko ya karkace, duk lissafin da yara za su ɗora a kai ya karkace, kuma su za a ce ba su iya ba.

Malam ya shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana fara'a, ya tambaye ni kwanan yara. Na amsa, sannan na ce ya zo ya dubi kumfa. Ya duba, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, fara'ar ta tafi.

"Inna, wa ya matsar da shi?"

"Ba a matsar da shi ba, Malam. Akwai kwali a ƙarƙashin ƙafarsa, ni na cire."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Na ga yana ƙirga kwanakin a ransa, ya juya ya dubi kabad. Ya ce wataƙila kaucewar ba ta kai ta ɓata awo ba. Na ce masa a wajen masu sayen gyaɗa, in ana shakkar sikeli, abin da aka san nauyinsa ake ɗorawa. Na je sito na ɗauko akwatin duwatsu. Ya sa hantsaki ya ɗora ƙanen babba. Lamba ta haska, ya karanta ta a hankali. Ya ɗauke, ya sake ɗorawa, ni da ban iya karatu ba ma na ga ba irin ta farko ce ta fito ba. Ya leƙa ƙarƙashin farantin, ya ce ya karkata har yana gogar gefe. Ruwan da ke kabad bai da amfani.

Ya murɗa ƙafar sikelin, ashe ta kai ƙarshenta, shi ya sa mutumin Kano ya sa kwali, don bencin kansa a karkace yake. Ya yage murfin littafi ya naɗe ya cusa, kumfa ta tsallake zuwa ɗaya gefen. Ya rage, ta dawo ta wuce. Gumi na ɗiga a kan benci. Yana cikin haka muka ji injin wuta ya yi tari ya mutu, sha biyu ta yi. Jajayen lambobin suka ɗauke. Ba za a sake tayar da inji ba sai Hajiya ta sa hannu, kuma ko an tayar, sikelin bai zauna ba. Ya buɗe kwalbar farin garin ya karkata ta wajen haske. Abin da ya rage na awo ɗaya ne, in aka ɓata shi sai Kano.

Na ce tsohon sikeli yana nan lafiya lau, duk Juma'a ina buɗe buhun in goge shi. Ya dube ni, sannan ya faɗi abin da na san ya yi masa nauyi. Ya ce rabonsa da irin wannan sikeli tun yana sakandare, kuma hannunsa yau ba zai tsaya ba.

"Ke za ki auna, ni in karanta duwatsun."

Na ɗauko shi daga sito, muka rufe tagogi duka saboda iska, zafi ya cika ɗakin. Na daidaita sikelin ba kaya har allura ta yi lilo daidai, dama da hagu. Ya zaɓo duwatsun, yana karanta kowanne sau biyu, ina ɗorawa. Da ya miƙo guda cikin tagwaye na ce, Malam, wannan ya taɓa faɗuwa tun zamanin Ba'indiye, ba ni ɗan'uwansa. Ya yi 'yar dariya ba daɗi, ya ce ashe har tarihinsu na sani. Na riƙa zuba gari da ɗan cokali, in ɗaga sanda, in duba, in sauke. Saura kaɗan. Na ƙara, ya rinjaya. Na ɗebe da bakin cokali abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na rufe ƙofar gilashi, na riƙe numfashi, na ɗaga sanda. Allura ta yi layi uku dama, layi uku hagu. Na bar ta ta yi har sau huɗu kafin na ce ya zo ya gani da idonsa. A gindin kwalbar, abin da ya saura ko rabin cokali bai kai ba.

Da ya gama haɗa sabon ruwa, ya zubar da tsohon, sai ya ce dole ya gaya wa Hajiya don a kira mutumin Kano, amma zai ce ya tarar da kumfa a gefe ne kawai, bai san dalili ba. Na gode masa, na ce a'a. Ban kai waɗannan shekarun ba don yaron da na haifi kamarsa ya yi ƙarya saboda ni. Na roƙe shi abu ɗaya, a bari sai yara sun gama.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawa. Ina waje a kan dakali ina jin ƙarar kwalabe, ban iya cin komai ba. Ranar Juma'a da safe na yafa mayafina mai kyau na tafi ofis, Malam na biye da ni. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi komai tun daga tsinken tsintsiya. Tana rubutu, ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta tambaye ni ko na ji abin da ta faɗa ranar da aka kawo sikeli. Na ce na ji, ranki ya daɗe. Malam ya fara bayanin wanda ya auna garin, ta ɗaga masa hannu, ta ce ta ji, ba shi take tambaya ba. Ta ce in ta bar ni haka, me za ta ce wa leburan da ta kora? Na ce ban sani ba, ranki ya daɗe. Fanka na juyawa a sama, ni kuwa gwiwoyina sun fara ciwo.

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin?"

"Ni ce, tun zamanin Ba'indiye."

"Ajiye shi nan. Daga yau ba ki shiga sai Malam yana ciki. Tashi ki koma bakin aikinki."

Na kwance shi daga bakin zanena, ƙullin ya yi tauri sai da na sa haƙori. Na ajiye a kan teburinta, na yi godiya, na fita. Ban gaya wa yara komai ba a gida, na dai dafa musu shinkafa da wake, suka yi ta tambayar ko wani abin murna ne ya faru.

Ranar Litinin na iso da sassafe kamar kullum, na tarar da ƙofa a kulle. Masinja ya zo wucewa ya ce, Inna, yau a waje? Na ce masa baranda ma tana son shara. Na share ta sau biyu kafin Malam ya iso a kan kekensa.