Ranar da Layi Ya Zo Kan Farfesa

A ɓangaren mata na asibitin, ba wanda ya kai Farfesa daɗewa, sai dai fankar silin da ke kuka tun kafin a haifi wasu nas-nas ɗin. Ba ta taɓa zama a aji ba. Aikinta bokiti ne da sandar goge ƙasa, shekara goma sha bakwai cif. Nas-nas ne suka laƙaba mata sunan, don ba macen da za ta zauna a bencin jiran likita tana matse jaka a ƙirji ba ta sha lacca ba.

Daga nesa take gane sabuwar zuwa. Ita ce wadda ta haɗe gwiwoyi kamar an ɗinke su, tana kallon ƙofar likita, tana kuma kallon ƙofar fita. Sai Farfesa ta jawo bokitinta har gabanta.

"Ɗaga ƙafa, 'yata. Yau kika fara zuwa ko? Ai na gani. Tambayoyi za ta fara yi miki, yaushe rabonki da al'ada, haihuwa nawa, ina ke ciwo. Ki faɗi gaskiya, ba kotu ba ce. Daga nan ta ja labule, ta ba ki mayafi ki rufa. Ki saki jiki, ki ja numfashi. In kin ji zafi ki ce ta dakata, za ta dakata. Minti biyar ne, ko shayi bai huce ba."

Haka take yi, kuma wallahi tana da amfani. Mata da yawa da suka miƙe za su sulale, ita ta mayar da su kan benci. Abu ɗaya ne ba wanda ya sani: wannan gado da take ba da labarinsa kamar ita ta ƙera shi, ta goge ƙafafunsa sau dubu, ta san inda fentinsa ya ɓare, amma ba ta taɓa kwanciya a kansa ba. 'Ya'yanta huɗu ta haife su tun kafin ta sami aikin, daga nan kuwa ba ta sake yarda wani ya duba ta ba. Duk iliminta ta bayan ƙofa ta tsince shi.

Al'adarta ta ɗauke shekara shida da suka wuce, ta yi hamdala ta manta. Sai ga jini ya dawo. Kaɗan ne, yau a gani, a yi sati ba a gani ba. Ta san abin da likita ke cewa a kan irin wannan, ai ta ji da kunnenta ba sau ɗaya ba: duk wadda ta ga jini bayan ta daina, ta zo maza. Ta kuma san cewa da haka yayarta ta fara, kuma ba ta yi shekara biyu ba ta rasu. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɓoye wa mijinta, tsohon mai gadi da ya ajiye aiki, ta ɓoye wa 'ya'yanta, ta ci gaba da yi wa matan mutane lacca har wata biyar.

Wata safiya ta sami Babbar Nas ita kaɗai tana shirya katunan marasa lafiya. Ta goge ƙarƙashin teburin, ta sake gogewa, ta koma ta uku.

"Farfesa, rami za ki haƙa mini?"

"A'a, Sista. Wata maƙwabciyata ce dai. Wai jini take gani, bayan ta daɗe da dainawa."

Babbar Nas ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Maƙwabciyar nan, shekarunta nawa?"

"Za ta yi kamar ni."

"Tsayinta fa?"

Farfesa ta yi tsuru-tsuru. Babbar Nas ba ta yi dariya ba, ta jawo sabon kati ta rubuta, ta tura mata a aljihun riga. "Ki ce wa maƙwabciyar Laraba da ƙarfe goma. In ba ta zo ba, ni na san inda take ajiye bokiti."

Ranar Laraba Farfesa ta yi abin da ta fi iyawa a duniya. A ganinta, wurin da za a duba dole a tarar da shi fes. Ta ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, ta wanke waje, ta wanke har ciki, sau uku, don kada likitar da ke gaishe ta kullum ta sami abin faɗa. Sannan ta sa rigar aikinta. Zama a benci kuwa, haba, ina! A idon matan da ta yi wa lacca jiya? Sai ta kama goge gaban ƙofar likita tun ƙarfe tara, har tayil ɗin ya fara ɗaukar ido. Da aka kira lambarta, ta sunkuci bokiti ta shiga kamar wani abu aka zubar a ciki.

Likitar ba ta fi sa'ar 'yarta ta fari ba. Ta dubi katin, ta dubi bokitin.

"Iya, wanne zan duba a cikinku?"

"Kai, Likita."

"To ajiye shi a bayan ƙofa, ba inda za shi. Zauna."

Kujerar da take ɗagawa kullum ta share ƙarƙashinta, yau ita ta zauna a kai, a bakin-baki. Tambayoyin suka zo yadda ta saba jero su, sai dai amsar ce ta maƙale. Da aka zo kan tun yaushe, ta ce kwana biyu ne. Likita ta ɗago ta dube ta. Farfesa ta ce wata biyu. Likita ba ta motsa biro ba.

"Biyar," in ji Farfesa.

"Wata biyar, Iya. Kina wucewa ta ƙofar nan sau nawa a rana?"

Sai Farfesa ta ɓige da ba ta labarin yayarta. Aka ja labule, aka ba ta mayafi, Babbar Nas ta tsaya ta wajen kanta. Gwiwoyin nan suka haɗe gam, irin haɗewar da ta sha yi wa wasu dariya a kanta. Idonta na kan faranti, inda ta hango ƙarfen nan mai baki biyu, babban cikinsu, wanda ta daɗe tana gani ana kaiwa wanki.

"Ba wannan ba ne naki," in ji Likita, ta nuna mata wani ƙarami, ta ɗumama shi a ruwa. "Kafin in taɓa ko'ina zan faɗa miki. Ja numfashi."

"Ina ja."

"Ba kya ja. Tun ɗazu kika riƙe shi."

Babbar Nas ta miƙa mata hannu, Farfesa ta damƙe har sai da zoben matar ya shige mata nama. Ba zafi ba ne irin wanda ta zata, nauyi ne dai da rashin sabo. Can Likita ta ɗago kai tana shaƙar iska.

"Iya, me kika sa?"

Ta faɗa, har da ɗan alfahari, ta ƙara da cewa sau uku.

Babbar Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Likita ta dafe goshi. "Ba ƙasan asibiti ba ne, Iya. Wurin yana gyara kansa. Wankan yau da kullum ya isa, daga waje. Yanzu kin wanke abin da nake son ɗiba in aika gwaji, kin kuma bar wurin ya yi ja. Hoto za mu yi yau, sauran sai Litinin. Kuma kada ki sake."

Shekara goma sha bakwai tana koyarwa, ashe wannan babin bai taɓa fitowa ta ƙarƙashin ƙofa ba.

Ranar Litinin ta dawo sanye da kayan gida, aka ɗauki abin da za a ɗauka. Kwana goma ta yi tana jiran sakamako, abinci ba ya wucewa, laccar ma ta ragu zuwa "ɗaga ƙafa". Ran na goma sha ɗaya Likita ta leƙo ta yafito ta.

"Ba abin da ya kama yayarki ba ne," ta ce tun kafin Farfesa ta zauna. "Wani ɗan tsiro ne a mahaifa, kuma ya fara sauya kama. Za mu cire shi mako mai zuwa. Da kin ƙara shekara guda kina goge mini ƙofa, da wata maganar muke yi."

Farfesa ta ce to. Ta sake cewa to. Sai hawaye suka ɓalle, ta rasa da me za ta share, ta kai hannu kan tsumman da ke rataye a ƙugunta, Likita ta yi wuf ta miƙa mata na takarda.

Da yamma ta tarar da maigidan a tsakar gida yana fama da wata tsohuwar rediyo. Ta zauna kusa da shi, ta faɗa masa komai tun daga farko, ba ta rage ko bokitin ba. Ta jira faɗa. Ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu.

"Na sani," ya ce. "Tun da kika koma shanya wasu kayan a ɗaki na san akwai abu. Kullum in buɗe baki zan tambaya, sai in tuna yayarki, in ji ba zan iya jin amsar ba."

"Au, kai ma?"

"Ni ma." Ya ajiye rediyon. "Ranar aikin ni zan kai ki."

"Ɓangaren mata ne, Malam. Ba za su bar ka ka shiga ba."

"Wa ya ce shiga zan yi? Shekara talatin ina tsaron ƙofar wasu. Taki ce za ta gagare ni?"