Muryar Bindigar Baba

A ƙauyenmu, gabas da Ɗanzomo, Baba ne ke harba bindiga idan an ga watan azumi ko na Sallah. Tsohuwar adaka ce da ya gada wurin mahaifinsa. Muryarta kauri gare ta, tana tafe tana gurnani, kuma duk ƙauyukan kewaye sun santa.

Shekarar da aka yi babban fari na koma gida wankan jego, na tarar tsatsa ta cinye cikin bututun. In ka ɗaga shi sama ka leƙa, duk ramuka ne. Inna ta tasa Baba gaba da mita, ta ce wata rana abin nan zai fashe ya tafi da hannunsa. Gaskiya ta faɗa, ni ma tsoron da nake ji ke nan.

Ran Alhamis ya kai bindigar wurin wani maƙeri a kasuwar Maigatari. Maƙerin ya ce ana iya goge cikin, amma ƙarfen ya riga ya yi siriri. Ana iya datse inda ya fi ci, sai dai ta koma guntuwa. Shawararsa a cire bututun, a sa na sitiyarin mota. Baba ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda.

Ta dawo tana ƙyalli. Da aka ga watan ƙaramar Sallah bayan magariba, ya ɗura albarushi ya harba. Kai, wayyo! Wani tas muka ji, siriri, kamar an fasa ƙwarya. Baba ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa. Takaici ya kama ni, har yau bai sake ni ba.

Washegari bayan an sauko Idi, sai ga dattawan wani ƙauye na arewa da mu, ko rigunan Sallah ba su sa ba. Babbansu ya yi sallama, ya ga Baba zaune a zaure, ya daskare.

"Malam, ashe kana nan? Mun ji wata bindiga daban, muka ce lallai ta Allah ta kasance. Ta'aziyya muka zo."

Ina bayan zana da jaririyata, ina jira in ji Baba ya yi dariya. Bai yi ba. Ya jawo musu tabarma, ya ce, "Ku zauna ku yi gaisuwar, tunda kun riga kun taso."

Bai ƙara harba ta ba.