Yajin Malikanci a cikin jirgi

Jama'a, yau saura ƙiris in kwana a hannun hukuma a ƙasar mutane.

Ƙanena da ke aiki waje ya yankar min tikitin jirgin gwamnatin can, wai ɓangaren manya, inda kujera ke komawa gado. Shekara goma bai tuna da ni ba sai da marmarin yajin gida ya kama shi. Na sa aka daka barkonon gonata ta Malikanci, na ɗaure a leda tam, na zura a aljihu.

Muna lulawa sama ledar ta kumbura. Ina taɓa ta, ta fashe.

Wani mai kwat ya fara tari, kowa ya ɗauka. Wata Hajiya tana salati tana cewa, "Guba aka watsa mana!" Ma'aikaciya ta tsaya a kaina: "Baba, me ke aljihunka?" Na ce, "Yaji ne, 'yata."

Muna sauka jami'ai biyu suka tasa ni gaba. Babbansu ya dangwala yajin ya lasa, hawaye ya zubo masa.

Sun sake ni, amma sun riƙe ragowar, wai za a yi bincike. Na san tukunyar da za a yi binciken a cikinta.