Takardar da Na Haddace a Gaban Murhun Iya

A shekarar da zan zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, zafin Garwa ya kai inda kaji ma sun daina tono, sai dai su buɗe baki su laɓe a gindin randa. Shekarata goma sha biyar. Babana mahauci ne. Da asuba yake fita mayanka, bayan la'asar ya dawo da kan saniya ko ƙafafu a buhu. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Iya, ita ke babbake su ta kankare, ta ɗora a tukunya don abincin sayarwa na washegari. Shi ya sa ko ana tsananin zafi wuta ba ta mutuwa a tsakar gidanmu. Tsakanin magariba da isha'i, muddin tukunyar na tafasa, Iya na zaune a kan 'yar kujerarta tana ba ƙannena tatsuniya.

Ni a lokacin ina ganin na girmi tatsuniya. Abin da ke kai ni gaban murhun shi ne haske, don a watannin nan kusan kullum sai an ɗauke lantarki. Nakan baje littattafaina a gefe, in juya musu baya.

Ingilishi ne ciwon kaina. A gida Hausa muke yi, a titi Fillanci, a aji Faransanci, shi kuwa na huɗun nan ya rasa wurin zama a kaina. Malaminmu ya ba mu jerin kalmomin aiki masu sauya kama, mu yi ta rerawa: go, went, gone. Ya ba mu jimloli masu gurbi mu cike, ni kuwa in cike da duk abin da ya fara zuwa bakin alƙalami. Na riga na maimaita aji sau ɗaya. Idan na sake faɗuwa makaranta za ta sallame ni, Baba kuma ya faɗa mini ba da faɗa ba cewa ba zai nema mini wata ba.

Saura mako uku jarrabawa, ƙawata Fadimatu, 'yar maƙwabtanmu, ta shigo da la'asar ta ja ni bayan ɗaki. Ta zaro wata takarda daga cikin ɗankwalinta.

"Rabi, ruwa ya zo," in ji ta.

Haka 'yan makaranta ke kiran takardar jarrabawa idan ta fita ta bayan fage. Wani ne ya ba wani, har ta iso hannun Fadimatu. Insha'i ne na Ingilishi, shafi guda cur, an ce shi za a tambaya.

"Me yake cewa?" na tambaye ta.

"Ina ruwanki da abin da yake cewa? Ki haddace kawai. Ranar ki juye musu."

Na kwafe shi a littafina. Na ga kalmar uba a ciki, na ga ruwan sama, na ga hutu da bayan gida, sai na ɗauka yabon mahaifi ne, mutumin kirki mai hutawa a bayan gidansa. Hakan ma ya yi mini daɗi, domin Baba ma a ƙarƙashin darbejiyar bayan gidanmu yake miƙe ƙafa idan ya dawo. Kwana huɗu ina rera shi a gaban murhu, da ƙarfi, har ƙannena suka fara kama bakin zaren suna bi na.

A rana ta biyar hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba. Iska ta tsaya cak. Ina cikin rerawa Iya ta ɗaga muciya ta nuna ni.

"Ke 'yar nan, wannan abin da kike ta kira, me kike kira?"

"Karatu ne, Iya."

"Na ji karatu ne. Fassara mini."

Na ce maganar uba ce. Ta ce uban ya yi me? Na koma duba shafin. Ta daɗe tana kallona, hasken wuta na wasa a gefen fuskarta, sannan ta tura itace cikin murhu ta ce wa ƙannena su matso.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, "amma ba mai daɗi ba ce. Wanda bai iya ba ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya tashi. Ni ma na rufe littafin, ko da yake ban juyo ba.

Ta ce a da can, kafin a yi gada a kan kogin Binuwai, akwai wani masunci sunansa Bawa. Shekara ta juya masa baya, ya jefa taru ya jawo ciyawa. Wata rana da almuru yana zaune cikin kwalekwale kusa da inda dorinai ke kwana, sai ya ji ana waƙa daga ƙarƙashin ruwa. Muryar mai zaƙi ce, amma harshen bai taɓa jin irinsa ba. Baiti ɗaya ake ta maimaitawa. Bawa mai kaifin kunne ne, nan take ya kama, ya rera. Yana rufe baki tarunsa ya yi nauyi, da ƙyar ya jawo shi don kifi.

Da ya koma gida aka ci aka sha. Da safe aka tarar akuyarsa ba ta nan. Igiyar na ɗaure a turke, ba a kwance ba, ba a yanke ba, sai dai jiƙe take sharkaf.

"Bai tambaya ba?" in ji ƙanwata.

"Wa zai tambaya, ciki ya cika?" in ji Iya.

Ya koma ruwa, aka ba shi baiti na biyu, ya rera, kifi ya ninka na farko. Da safe ƙanensa da ke kwana a zaure ba ya nan. Tabarmarsa na shimfiɗe, ruwa kwance a tsakiyarta, ga sawun ƙafa jiƙaƙƙu sun fita ƙofa sun nufi kogi. Sawun mutum biyu ne, alhali mutum ɗaya ya kwana a wurin. Aka yi nema aka gaji. Bawa ya yi kuka, amma bayan kwana bakwai yunwa ta sake mai da shi kogi, ya karɓi baiti na uku.

Sai a lokacin zuciyarsa ta fara raya masa wani abu. Ya tafi wurin wani tsoho mai fito, wanda aka ce ya taɓa nutsewa kwana uku ya dawo da rai, ya san harshen mutanen ruwa. Tsohon ya ce masa kada ya rera, ya faɗa masa a kunne a hankali. Bawa ya faɗi na farko. Tsoho ya ce ma'anarsa, abin da ke ɗaure a gidana naku ne. Ya faɗi na biyu. Tsoho ya ce, wanda ke kwana a ƙofata naku ne. Ya faɗi na uku.

A nan Iya ta gyara itacen murhu. Tukunya kaɗai ke magana. Can nesa aka yi walƙiya ba tsawa.

"Tsohon nan bai fassara ba," in ji ta a hankali. "Cewa ya yi, yaushe ka rera wannan? Bawa ya ce jiya. Sai tsoho ya tashi ya janye tabarmarsa daga kusa da shi."

Bawa ya gudu. Ya bar kogi, ya yi ta tafiya arewa har Mindif, ya hau dutsen nan inda ko raɓa ba ta kwana. Ya ce a nan dai ruwa ba ya iske shi. Da safe makiyaya suka same shi a kwance, rigarsa na ɗiga, bakinsa cike da yashin kogi.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Ban ƙara mata ko gishiri ba. Duk abin da ya fita daga bakinki, akwai mai jin harshen, ko ke ba ki ji ba."

Aka kira isha'i, kowa ya watse ba hayaniya.

Ban yar da takardar ba. Na ce a raina tsohuwa ce kawai ke son tsorata ni. Amma washegari, bayan an tashi daga aji, na tsaya wurin malaminmu na Ingilishi, wani mutumin kudu mai sanyin hali. Ban nuna masa littafin ba. Na karanto masa jimla biyu daga ka: "My beloved father passed away before the rains. We laid him to rest behind the house." Ina shirin tambayarsa ko na furta daidai, sai na ga ya ajiye allin da ke hannunsa.

"Ayya, 'yata," ya ce da Faransanci. "Yaushe ya rasu? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce masa a wani littafi na gani. Ya yi ajiyar zuciya, ya bayyana mini cewa kalmomin nan biyu da na ɗauka wucewa ce, idan sun haɗu mutuwa suke nufi, hutun bayan gida kuma kabari ne. Ubana abin ƙaunata ya rasu kafin saukar damina, mun binne shi a bayan gida. Abin da na kwana huɗu ina shelantawa ke nan a tsakar gidanmu, ƙannena na amsawa, Baba na zaune yana wasa wuƙaƙensa. Ga damina kuma a bakin ƙofa.

Da na iso gida na tarar da shi kwance ƙarƙashin darbejiya, ya rufe fuska da hula. Na tsaya daga nesa ina kallon ƙirjinsa sai da na tabbatar yana motsi. Da magariba na yage shafin na cusa a murhu, na gaya wa Iya komai ina kuka. Ba ta ce ai na gaya miki ba.

"Ran ubanki ba a hannun takarda yake ba," in ji ta. "Ki yi istigfari, ki hana yaran nan rerawa. Sannan ki je ki koyi abin nan yadda in kin faɗa kin san me kika faɗa."

Duk da haka, har ruwan farko ya sauka ban daina tashi da asuba ina leƙen fitarsa ba. Sauran kwanakin na ari ƙamus. Kowace kalma sai na nemo ta, in faɗa wa Iya da Hausa, ita kuma ta ce in saka ta cikin magana. Ta haka na gane bambancin ya tafi da zai tafi a harshen da na shekara biyar ina rerawa. Ranar jarrabawa batun da aka bayar daban ne. Na rubuta gajerun jimloli guragu, amma nawa. Na tsallake da ƙyar.

Fadimatu ban gaya mata ba. Sau biyu ina buɗe baki in fasa. Ina tsoron maimaita maganar, ina kuma tsoron ta yi mini dariya ta ce na zama 'yar tatsuniya. Ta shiga ɗakin jarrabawa ta juye shafin yadda yake, ita da wasu da yawa masu irinsa kalma da kalma. Ba ta ci ba. Kafin ƙarshen shekara aka tura ta Banyo wurin gwaggonta mai shago, karatunta ya tsaya a nan.

Baba ya rayu shekaru da yawa bayan haka, har ya ga na zama malamar Ingilishi a Marwa. Iya ba ta gani ba.

Bara wani biki ya kai ni Banyo, na iske Fadimatu a shagonta, ta yi jiki, 'ya'yanta biyar. Muka rungume juna muka yi ta hira. Muka tuna mahaifinta da ya rasu tun shekarar da ta bar Garwa, ciwon kwana biyu. Can cikin raha ta ce har yanzu tana riƙe da ruwan nan namu. Ta miƙe tsaye kamar 'yar aji ta karanto shi tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ta zauna tana dariya.

"To, malama, yau dai ki gaya mini. Me yake cewa?"

Na san sarai takarda ba ta kashe kowa. Amma na san kuma abin da zai kwana a zuciyarta idan na faɗa. Na ce mata labarin wani manomi ne da gonarsa. Ta ce ashe banza ma muka sha wahala, ta tashi ta kawo mini nono.

A kan babur ɗin haya, a hanyar komawa tasha, na yi ta juya abin. Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga mai furta abin da bai sani ba, kuma da wannan nake koyarwa: ba na barin ɗalibi ya maimaita jimla a bayana sai ya faɗa mini ma'anarta da harshen gidansu. Amma a labarin Iya babu mutumin da ya san ma'anar tun da sauran lokaci ya kama bakinsa. Wannan ni na zama shi, sau biyu. Na biyun ina jin tausayi ne, Allah ya sani. Na farkon ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Yanzu duk shekara idan jarrabawa ta ƙarato nakan ba ɗalibaina labarin Bawa. Sai dai nakan ƙara masa maƙwabciya guda, wadda take jin harshen ruwa, take jin sa yana rerawa ta bayan danga, ta ci gaba da dakanta. Yaran sukan fusata, su ce wace irin muguwar mata ce wannan. Nakan ce musu ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Har yau ban samu ajin da ya yafe mata ba.