Iskar da Ta Same Ni a Bakin Teku

A Ruma aka haife ni, zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Na bi ayarin fatake zuwa kudu da niyyar dawowa kafin shuka, sai tafiya ta yi ta miƙawa, har na kai wani ƙauyen masunta a bakin teku, inda ƙasa ta ƙare. Mai masaukina Banufe ne, yana jin Hausa. Shi ya tsayar da ni, ya ce mutanen sun musulunta amma ba mai koya musu karatun salla.

Ɗalibaina duk magidanta ne. Akwai wani ƙato a cikinsu mai siririyar murya, ya daɗe yana fama da Fatiha. In ya yi kuskure sai ya rufe baki da hannu yana dariya.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi teku ya kwanta, ko tsuntsu ba a gani. Mai masauki ya leƙo ya ce, "Malam, yau ba karatu. Taso mu ɗaure jinka."

Na ce, "Hadari ne? Ai ko a garinmu ana yi."

Ya ce, "Wannan ba irin na garinku ba ne."

Bayan azahar iskar ta iso. Jinkar da muka ɗaure ta ɗage gaba ɗaya, kamar an ɗauke faifai daga bakin ƙwarya. Ruwa ta gefe yake dukanmu, da gishiri a cikinsa. Mai masauki yana ta salati. Ni kuwa na zauna jikin bango ina kallon yatsun ƙafata cikin ruwa. Ba tsoro, ba komai. Na ma tuna ban yanke farce ba.

Can sai iskar ta tsaya cak, har rana ta leƙo. Mutane suka fara fitowa. Ƙaton nan ya wuce da gudu riƙe da igiya, zai je ya ɗaure jirginsa, ya ɗaga mini hannu. Tsofaffi suna ta kiransa, wai za ta dawo. Ta kuwa dawo, ta wancan gefen, ta fi ta farko.

Washegari aka tsinci jirgin a cikin gonar rogo. Shi ba a gan shi ba.

Mahaifiyarsa ta zo ta durƙusa gabana tana magana da yarensu. Mai masauki ya ce, "Tana so ka yi masa salla."

Na ce, "Ba gawa. Sai dai addu'a."

Na ɗaga hannu, bakina ya karanta abin da ya saba. Tana kuka, ni ina kallon wata kaguwa da ke rarrafe kusa da ƙafarta. Da aka shafa, aka kawo gasasshen kifi, na cinye.

Muka tada ɗakuna. Ruwa ya wanke alluna tas, na sake rubuta wa kowa nasa, aka ci gaba da karatu. Na yi ta sauraron ranar da abin zai taɓa ni, ba ta zo ba.

Bayan kaka na samu ayari na dawo gida. Na tarar da yayata tana sussukar gero. Bayan mun gaisa ta ce, "Wai yaya tekun nan yake?"

Na ce, "Ruwa ne, Yaya, mai yawa."

Ta ce in matsa, ƙaiƙayi zai same ni.